Ba Yaya Ilu Ne Ya Ratse Ba

Ranar kasuwar da ta wuce da kunnena na ji, ba wani ne ya kawo mini ba. Kai Sani ɗana, kana cinikin akuya da Musa ɗan baffanka, da ya ƙi sallama maka sai ka ce masa, "To ɗan Ratse, kama hanyarka." Mutanen wurin suka yi dariya. Musa ya ja akuyarsa ya tafi, tafiyar ubansa sak, kafaɗa ɗaya a karkace. Ina zaune a rumfar mai gishiri, na sunkuyar da kai kamar ina cire ƙaya a ƙafa. Abin da ya sa na sayi takardun nan ke nan. Rubutuna ba kyau, na sani. Boko rabi na iya, allo ma rabi. Wanda ya fi ni karatu a cikinku ya gyara baƙaƙen in ya ga dama, amma kada ya rage ko kalma ɗaya.

Kun taso kun ji ana kiran wana Iliyasu uban Musa, Allah ya jiƙansa, Ilu Ratse. An gaya muku shi ne jagoran da ya ɓatar da ayarin iri a shekarar da ta biyo bayan yunwa, ya bar hanya ya shiga jigayi, shanu suka mutu, rabin garinmu bai sami shukar fari ba. Duk wannan ya faru. Abu ɗaya ne ƙarya a ciki. Ba shi ne ya ratse ba, ni ne.

Sai na koma baya kaɗan, ku ga yadda mutum yake zama irina. Ina saurayi Turawan awo suka zo ƙasar Gumel suna shata iyaka tsakaninsu da Faransi. Aka nemi majiya ƙarfi, mai gari ya tura ni, tunda ba ni da mata kuma gona ba ta dame ni ba. Aikina jan sarƙa. Doguwar sarƙa ce ta ƙarfe, wani ya riƙe kai ɗaya, ni in ja ɗayan, Bature yana leƙa madubinsa mai ƙafa uku yana kaɗa hannu, hagu, dama, tsaya. In ya ce tsaya in kafa turke. In ƙaya ce a gaba a sare ta, in gona ce a ratsa ta, mai gonar yana kallo. Ba ma kauce wa komai. Rani biyu na yi a haka. Akawun sansanin, wani mutumin kudu, shi ya koya mini baƙaƙe da lamba a kan rairayi, kuma daga bakinsa na ji maganar da ta zauna mini a kai kamar ƙusa: tsakanin wuri da wuri, miƙaƙƙen layi ne ya fi kusa. Ya ɗiga ɗigo biyu da sanda, ya ja layi, ya ce duk wanda ya bi wata hanya ban da wannan ɓata ƙafarsa yake yi.

Kafin a sallame mu ya bar ni na aza takarda mai shara-shara a kan taswirar Bature na kwafa. Na kwafi ɗigon Gumel, na Maigatari, na Sule Tankarkar, na Gagarawa, da layukan da muka ja. Amma a taswirar akwai wasu siraran zane a lanƙwashe, jere kusa da juna, kamar zanen da mata ke yi a bayan ƙwaryar amarya. Na ɗauka ado ne. Fensirina ya kusa ƙarewa, na ce me zan yi da ado, na bar su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na zaci za a ɗauke ni masinja, ko a tafi da ni Kano. Bargo ɗaya aka ba ni da kamfas, abin nuna arewa, mai tsagaggen gilashi, aka ce na gode. Na dawo garinmu nan gefen Gagarawa na fi ƙarfin fartanya, ban kai alƙalami ba. Mutane suka sa mini Audu Sarƙa. Shekara shida ina cin tuwon gidan Yaya Ilu ina gaya wa duk wanda ya tsaya cewa mutanen garin nan ba su san komai ba.

Shi Yaya Ilu shekara bakwai ya ba ni. Da damina manomi ne, yana da fagen duma a bayan gari. Da rani jagora ne, shi ke gaban fatake da takarkarai zuwa Maigatari, wani lokaci har cikin Damagaram. Bai iya karanta ko bihim a boko ba. Amma in ka ɗaure masa ido ka aza shi a bayan san kaya, zai gaya maka inda kuke daga yadda san yake taka ƙasa. Na rubuta wannan ne don na gani, za ku ji a inda na gani.

Labarin yunwar ba zan ba ku ba, iyayenku mata sun ba ku. Abin da ya shafe mu shi ne mutane sun cinye iri. Bazara ta kama, ba gidan da yake da geron shuka ko na cikin tafin hannu. Sai aka ji iri ya shigo kasuwar Maigatari. Garin ya tattara abin da ya rage masa, mata suka cire mundaye, suka fito da tasoshi da zannuwan da suka ɓoye, maza suka kawo fatu. Shanun kaya bakwai ne suka tsira a garin duka, haƙarƙarinsu a waje, aka haɗa su. Mutum shida za mu tafi, Yaya Ilu ne jagora.

Ana gobe za mu tashi, da hantsi, na same shi a inuwar rumbu yana fafe duman da zai ƙara a kan kayan musaya. Matarsa Hajjo tana gefe tana kaɗi. A lokacin ni da Hajjo wasa muke yi irin na matar wa da ƙanin miji, ba ta ganina ta ƙyale ni. Na shimfiɗa takardata a gabansa.

"Yaya, dubi nan. Ga mu, ga Maigatari. Hanyarku tana karkata yamma kamar za ta Gumel, sannan ta dawo. Baka ce. Ni ga tsirkiya. In muka bi nan mun rage rabin yini, ƙila fiye."

Ya karɓi takardar a juye, don bai san samanta da ƙasanta ba. Ya daɗe yana dubawa.

"Ina doguwar jigawa a nan?"

"Ba a sa ba."

"Rijiyar gawo fa?"

"Ita ma ba a sa ba."

"To wace ƙasa ce wannan, ba tudu ba rijiya? Faifai ka zana, Audu."

Hajjo ta ce, "Ƙasar Turawa ce, Malam. Can ko jaki da rula yake tafiya. Ko ba haka ba, Sarƙa?"

Na ce wa Yaya awo ba ya ƙarya, kuma ni na ja sarƙa da hannuna, shi bai ja ba. Bai yi fushi ba. Ya jawo wani babban duma da bai fafe ba, ya tsinko ƙayar aduwa biyu. Ya soka ɗaya kamar yatsu huɗu ƙasa da cibiyar duman, wato inda aka tsinke shi daga yaɗo. Ya juya shi ya soka ɗayar can ɗaya gefen, ita ma yatsu huɗu ƙasa da cibiya. Ya miƙo mini gawayi.

"Ja mini miƙaƙƙen layin naka, daga wannan zuwa waccan."

Na ɗaga duman daidai idona na ja layi ta gefensa, bai hau ba bai sauka ba, kamar ɗamara. Na yi shi da kyau, har na ji daɗi. Sai ya ce wa Hajjo ta ba shi zare. Ta warware masa daga mazarinta. Ya ɗaura a ƙaya ɗaya, ya kwantar da shi a hankali a kan gawayina har ɗaya ƙayar, ya yi ƙulli a nan don shaida. Sannan ya ja zaren ya yi tauri. Ina kallo zaren ya zame daga layina, ya hau sama wajen cibiya, ya kwanta can a lanƙwashe. Ƙullin kuwa ya wuce ƙayar da kusan yatsu biyu. Hanyar da ake gani kamar ta lanƙwasa ita ce ta ci zare kaɗan.

"Naka, idonka ne ya ce masa miƙaƙƙe," in ji shi. "Wannan kuwa duman ne ya faɗa. In ka ja zare a kan abu mai ƙundu, inda ya fi kusa yake kwanciya, ko ka so ko ka ƙi. Da shi nake gane inda zan sa wuƙa ƙorai biyun su fito daidai. Ƙafar sa ma zare ce. Tun kakanninmu shanu ke jan hanyar nan har ta kwanta inda take."

"Ƙasa ba duma ba ce, Yaya."

"Ba takarda ba ce kuma. Ninke ta ka ajiye, wata rana ta yi maka amfani wurin ƙunsa taba."

Hajjo ta yi dariya har mazarin ya faɗi. Ba zan ɓoye muku ba, wannan dariyar na tafi da ita Maigatari, na dawo da ita. Zaren kuwa a nan inuwar rumbu na bar shi.

Zuwa lafiya lau, ta tsohuwar hanya, kwana biyu. Muka sami iri mai kyau, taiki goma sha huɗu, kowane sa biyu. A can ne ciwon ido ya kama Yaya Ilu. Idanun suka kumbura suna ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Muka ɗaure masa fuska da baƙin ƙyalle, muka rage wa sa ɗaya kaya muka aza shi a kai. Ranar da za mu juyo hadari ya fara tasowa a gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya yana kallonmu. Kowa ya san abin da ake tsoro: in ruwa ya sauka iri yana hanya, an rasa shukar fari, kuma mutanen da suka sha yunwa ba za su iya jiran ta biyu ba. Muka shirya haka: Tanko, wanda ya fi mu shekaru, yana gaba da shanu. Ni ina can baya riƙe da igiyar san Yaya. Ya tambaye ni me nake gani, in gaya masa, ya ce a bi nan ko can, ni in ɗaga murya in isar. Muryarsa ba ta kai ko taku goma ba.

Da hantsi muka iso wata kuka mai rassa biyu manya a kudu da Maigatari. A nan tsohuwar hanya take karkata dama ta yi yamma. Yaya ya kife a kan taiki, barcin zazzaɓi ya ɗauke shi. Takardar tana aljihuna, kamfas yana tafin hannuna. Tanko ya tsaya ya juyo.

"Audu! Dama ko?"

Ban yi tunani mai tsawo ba, kada wani ya ce muku shaiɗan ya daɗe yana jana. Na ɗaga murya na ce, "Ya ce a miƙe!"

Tanko ya dawo taku kaɗan. "A miƙe? Cikin jigayi?"

"Ya ce akwai yanke da ya sani. Saboda hadarin."

Ya dubi hadarin, ya dubi shanun. "To, in dai Ilu ne ya faɗa."

Jigawa ta fari ba ta ba mu wuya ba. Ina tafe ina duban allurar kamfas, ina shirya abin da zan gaya wa Hajjo in mun shiga gari tun kafin a zaci ganinmu. Jigayin yankin nan dogaye ne, a kwance suke daga gabas maso arewa zuwa yamma maso kudu, ɗaya bayan ɗaya kamar kunyoyin gona. Tsohuwar hanya tana bin kwarin da ke tsakaninsu, inda ƙasa take da ƙarfi, ta tsallaka ta inda suka yi ƙasa. Layina kuwa ta ƙirjinsu ya bi. A gangaren ta biyu Yaya ya farka.

"Audu, me ya sa san nan yake nishi?"

"Zafi ne, Yaya."

"Ƙafarsa nutsewa take yi. Hanyarmu ba ta da rairayi irin wannan sai bayan rijiya. Mun sha ruwa a rijiyar gawo?"

Na ci gaba da jan igiya, ya sake tambaya.

"Jigawa nawa muka hau?"

"Biyu."

"Nawa takardarka ta ce saura?"

"Ba ta nuna jigawa ba."

"Na sani. So nake in ji ko kai ka sani." Ya haɗiye yawu da ƙyar. "Gaya musu a juya. Yanzu ana iyawa."

Wannan wurin ne na fi daɗewa kafin in rubuta. Ƙaryar fari kuna iya cewa ta wauta ce. Ta biyun ba ta da suna sai nawa. In aka juya, dole Tanko ya tambaya, dole a san wanda ya yi magana a gindin kuka. Na kuma gaya wa kaina saura kaɗan, awo ba ya ƙarya. Na sa hannu a baki na yi kira.

"Ya ce a ƙara sauri!"

Yaya ya yi ƙoƙarin ɗaga murya. Abin da ya fito bai fi tari ba. Na ja igiyar muka ci gaba.

Rana tana tsaka, a kan jigawa ta biyar, sa na fari ya durƙusa. Aka buge shi, aka ja wutsiyarsa, bai tashi ba. Salkunan ruwa sun kusa ƙarewa, domin don tsohuwar hanya aka cika su, ita kuwa tana da rijiya a tsakiya. Tanko ya gangaro wurinmu, leɓensa a tsage.

"Ilu, don Allah wace irin hanya ce wannan?"

Yaya ya juyo da fuskarsa wajena, da baƙin ƙyallen a kai. Na san jirana yake yi. Na tsaya ina gyara ƙullin igiyar da ba abin da ya same shi. Da ya ga shirun ya yi tsawo, sai ya ce:

"Ku sauke wa san kayan. Daga nan kwari za a bi, ko ina ya nufa. Kada a sake hawa."

Daga nan Tanko ne ya riƙe igiyarsa. Da ido a rufe Yaya ya fitar da mu. Yana tambaya, kalgo ne a gefe ko sabara, ƙasar ta yi ja ko fari, san yana ɗaga ƙafa da sauƙi ko kuwa. Kwarin ya yi ta yawo da mu yamma, washegari da azahar muka faɗo tsohuwar hanya ƙasa da rijiya. Kafin nan shanu uku sun mutu, na huɗu ba ya iya ɗaukar ko salka. Taiki takwas muka bari a gindin wani kalgo, muka rufe su da rassa. Muna kan hanya ruwan ya sauka, ruwa mai yawa, irin wanda ake roƙo. Mun shiga gari kwana biyu bayan lokacin da tsohuwar hanya za ta kawo mu, da taiki shida.

Da aka sami jakuna aka koma, ina cikin waɗanda suka je. Fatun sun jiƙe sun fashe. Geron ya tsiro ta kowace kafa, ya yi shimfiɗa kore shar a gindin kalgon, a cukurkuɗe, ba ya shukuwa ba ya ciwuwa. Mundayen matan garinmu ke nan da tasoshinsu. Tanko ya zauna a rairayi ya yi kuka, dattijo da gemu.

Aka taru a ƙofar mai gari. Idon Yaya ɗaya ya buɗe, ɗayan bai sake gani ba har ya mutu. Mai gari ya tambaye shi:

"Iliyasu, kai ka ce a miƙe?"

"Ni ne jagora, ranka ya daɗe."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ita ce amsar da nake da ita."

Ina zaune a bayansa, gwiwata tana taɓa rigarsa. Wasu suka ce zazzaɓi ne ya juya masa kai, wasu suka ce son a yabe shi ne. Wata tsohuwa da ta ba da tasar aurenta ta ce, "Allah ya isa, Ratse." Kafin sati yara sun ɗauka. Da kaka ta zo ba abin kirki, gidaje da dama suka tashi. Kangayen da kuke wasa a ciki kuna yara, wajen tsohuwar marina, nasu ne. Ba wanda ya sake ba Yaya Ilu igiyar ayari. Ya koma inuwar rumbu da dumansa.

Hajjo ta tare ni a bakin zaure bayan taron. Ba ta ɗaga murya ba.

"Zaren da ya ja ranar nan, na kaɗina ne. Ina wurin."

Abin da ta taɓa faɗa mini a kan maganar ke nan. Daga ranar wasa ya mutu. Ba ta sake ce mini Sarƙa ba. Malam Audu take cewa, ta durƙusa ta ajiye mini tuwo kamar baƙo. Ku da kuke ganin tana girmama ni, yanzu kun san ko mene ne. Da zagi ta yi mini da na fi samun barci.

Kada ku zaci na yi nadama nan da nan. Shekara goma ina gaya wa kaina layina daidai ne, shanun ne ba su da ƙarfi. A takarda ai ya fi gajarta, ko yau kuka aza tsinke za ku gani. A cikin shekarun nan Yaya ya yi mini aure, da kuɗin ƙorai, aka haife ku.

Sai aka zo fitar da hanyar mota daga Gumel zuwa Maigatari. Na ɗauki takardata na tafi sansanin neman aiki, don su ga ni ba baƙon awo ba ne. Malamin awon ɗan ƙasa ne, yaro a kaina, a Kano ya yi karatu. Ya buɗe takardar, ya dube ta, ya dube ni.

"Baba, ina tudun?"

Ya jawo tasa taswirar. Ga siraran zanen nan a lanƙwashe, jere kusa da juna. Ya ce kowane ɗaya tsayin ƙasa yake nunawa, inda suka matsu da juna wurin hawa ne mai wuya. Ya aza yatsa kudu da kuka mai rassa biyu ya ƙirga mini su, jigawa tara. Adon da na bari ke nan don kada fensir ya ƙare.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce amma dai miƙaƙƙen layi ne ya fi kusa. Ya ce a kan tebur, haka ne. Ya duba gefensa, ya ɗauko goran ruwansa, ya zare igiyar takalminsa. Ya dafa yatsu biyu a ƙundun goran ya ja igiyar, ta zame ta hau wajen wuya. Ya ce duniya kanta haka take, shi ya sa jiragen ruwa masu dogon zango in ka ga hanyarsu a takarda kamar baka take, alhali ita ce tsirkiya, takardar ce ta shimfiɗe abin da ba shimfiɗaɗɗe ba. Ya ce a ɗan tsakanin nan namu ƙundun duniya ba ya nunawa sosai, amma jigawa ma ƙundu ce, kuma sa ba sarƙa yake ƙirgawa ba, gumi yake ƙirgawa. Na tambaye shi wa ya koya masa abin igiyar. Ya ce Bature, a shekararsu ta uku a makaranta. Aikin ban samu ba. Hanyar motar kuwa, ku je ku gani, a gindin kukar dama ta karkata.

Daga sansanin ban biya gidana ba. Na sami Yaya a inuwar rumbu, duma a tsakanin gwiwoyinsa, yana juya kai don ya duba da ido mai gani.

"Yaya, ni ne na ce a miƙe."

"Ina kan san da kake ja, Audu. Idona ne ya yi ciwo, ba kunnena ba."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Jiranka nake yi. A jigawa ta biyar na jira ka. A ƙofar mai gari na jira ka."

Ya ci gaba da zagaya zare a cikin duman. Na ce, "To yanzu in je in faɗa?"

Ya ɗago. Har ya ɗan yi murmushi.

"Yau kuma ni kake tambaya hanya?" Ya miƙo mini bakin zaren. "Riƙe mini nan."

Na riƙe, ya fafe duman, ƙorai biyu suka fito daidai. Ban je ba. Na ce sai Juma'a. Juma'a ta zo na ce bari a gama girbi. Damina uku bayan haka ya rasu, da sunan a kansa. A wurin jana'izarsa na ji wani a bayana yana cewa Allah ya gafarta wa Ratse, ya yi kuskure amma mutumin kirki ne. Na ce amin tare da kowa.

Ga abin da za a yi. Sani, kai za ka ɗauki takardun nan ka kai zauren Musa. Ka karanta da ƙarfi, yadda Hajjo za ta ji daga cikin gida, ko da yake ba abin da za ka gaya mata sabo. Ran Juma'a kuma, in an sallame, a karanta a ƙofar masallaci. Zan zo in zauna a gaba, kada wani ya ce mutuwa na jira. Tsohuwar taswirar tana ninke a ciki, kada a ƙone ta, a nuna wa duk wanda ya nema.

Sunan kuwa ba zai mutu ba, na san garinmu. Gida kawai zai sake. Kasuwa mai zuwa in ka ji an kira ɗan Ratse, kada ka dubi Musa. Kai za ka juya ka amsa.